Yadda zaka zaɓi motar gida ta hannu mai sauƙin kuɗi in kai kaɗai zaka zauna a cikinta

Shekara uku kenan ina kwana a cikin mota a nan Ingila, ba wai kwanan wahala ba, irin motar nan da aka gina ɗaki a bayanta, da gado da kicin da banɗaki, wadda Turawa ke kira motohom, ni dai motar gida nake ce mata. Kusan duk Juma'a in na faka kusa da masallaci sai wani ɗan uwa ya leƙo ya tambaya nawa na saya, ina na samo, ba sanyi ne, kuma in na fara bayani sai lokaci ya ƙure kowa na sauri ya koma aiki. Toh gashi na zauna na rubuta daki-daki. Maganar Ingila zan yi don nan na sani, amma mafi yawan abin da zan faɗa zai yi wa wanda ke Jamus ko Faransa amfani, motocin kusan iri ɗaya ne, dokokin ne suka bambanta.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai tun yanzu: ba mota kake saya ba, ɗaki kake saya wanda aka ɗora kan mota. Inji in ya lalace kowane gareji zai gyara maka, amma ɗakin in ruwa ya shige shi ya ruɓe daga ciki, kuɗin gyaran kan iya fin kuɗin motar gaba ɗaya. Duk sauran bayanin a kan wannan ya ginu.

Na farko, ciro lasisinka ka duba bayansa

Kafin ka buɗe wani shafin talla ka fara ganin hotuna zuciyarka ta kwaɗaitu, duba lasisinka. Lasisin mota na yau da kullum, rukunin B, iyakarsa kilo 3,500 ne, kuma wannan nauyin ba na motar kaɗai ba ne, har da kai da ruwanka da gas da buhun shinkafarka da komai. Waɗanda suka ci jarabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 ne suke da C1 da ke kaiwa kilo 7,500, mu da muka zo daga baya ba mu da shi sai mun sake wata jarabawa. Saboda haka duk motar da aka rubuta 3,850 ko 4,250 a jikinta ka wuce ta komai kyanta.

Sannan in da lasisin Najeriya kake tuƙi, wata 12 kawai yake maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya shi da na nan, sai ka zauna jarabawa. Ga wani wajen da mutanenmu ke faɗawa: da yawa suna yin jarabawar da mota otomatik don ta fi sauƙi, toh wannan lasisin bai baka damar tuƙa mai kuloci ba, alhali yawancin tsofaffin motocin gida masu araha giyar hannu ce dasu. In naka na otomatik ne ka sani zaɓinka ya ragu sosai kuma farashi zai hau.

Na biyu, kasa kuɗinka kafin ka fita

Duk abin da ka tara, kar ka kai shi duka wajen mai mota. Ni kashi huɗu na yi wa nawa, uku na sayen mota, ɗaya na ajiye ban taɓa ba. Wannan ɗayan cikin wata huɗu ya kusa ƙarewa: tayoyi, taimin bel, batirin ɗaki, inshora, kuɗin haraji, sai rajista da kamfanin da zai zo ya ja ka in ka tsaya a hanya. Ba don motar ba ta da kyau ba, haka abin yake ga duk motar da ta haura shekara goma. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a saye, ranar da kuloci ya mutu ba motarsa ce kawai ta shiga gareji ba, gidansa ne ya shiga gareji, sai ya nemi kuɗin gyara ya kuma nemi kuɗin otal. Ka riƙe wannan, don shi ne bambancinka da Baturen da ke fita hutun ƙarshen mako ya dawo gidansa.

Dillalai zasu yi ta tallata maka biya kaɗan-kaɗan, akwai ruwa a ciki, ni dai shawarata ka sayi wadda kuɗinka ya kai ka huta.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Daga Oktoba zuwa Fabrairu masu sayarwa sun fi saukowa, bazara ta wuce, mutum baya son biyan kuɗin ajiya na hunturu, kuma a lokacin ne ruwan sama ke tona asirin duk inda ke yoyo.

Na uku, wace iri

Akwai ƙananan nan irin VW Transporter masu rufin da ake ɗagawa, suna da kyau a ido kuma suna shiga ko'ina, amma tsada garesu ba gaira ba dalili, ba banɗaki, kuma rufin yadi ne, a watan Janairu zaka gane kurenka. Don zama na dindindin ban baka shawara ba. Akwai kuma manyan da gabansu kamar bas, su kuma nauyi da kuɗin gilashin gaba kaɗai ya isa ya kore ka.

Zaɓinka na gaskiya biyu ne. Ko dai motar kaya mai bodin ƙarfe da aka mayar ɗaki, ko kuma wadda aka yanke bayanta aka gina farin akwati a kai. Mai bodin ƙarfe ta fi ƙunci amma ta fi wuyar yoyo tunda rufinta ƙarfe ɗaya ne daga masana'anta, bata jan ido in ka faka a unguwa, kuma ta fi sauƙin tuƙi a ƙananan hanyoyin Wales da Sukotlan. Mai akwati ta fi faɗi, ta fi riƙe ɗumi, banɗakinta ya fi girma, sau da yawa ma ta fi araha a shekaru ɗaya, amma ita ce mai ciwon ruwa.

Tsawo kuma, kai kaɗai ne, kar ka wuce mita 6. Fiat Ducato tana zuwa a mita 5.41 da 5.99 da 6.36, ta tsakiyar ita ce daidai. Wajen fakin na kanti bai kai mita 5 ba, da mita 6 zaka iya lallaɓawa ka bar bayanka ya leƙa kan ciyawa, da mita 7 kuwa kullum kana zagaye kana neman wuri, kuma jirgin ruwa in zaka tsallaka Faransa da tsawo yake caji.

Yanzu tsarin ciki. Gado na dindindin da baka naɗewa ya fi komai, don wanda ake haɗawa da kujeru kowane dare a warware kowace safiya, sati biyu zaka yi ka gaji, musamman in aikin dare kake ka dawo da asuba. Ka kwanta a kai a gaban mai motar, ka miƙe sosai, gadon da ke kwance a faɗin mota bai cika isar dogon mutum ba. Sai abin da babu Baturen da zai gaya maka: wajen sallah. Ka tafi da dardumarka ka shimfiɗa a tsakiyar motar, ka tsaya ka ga ko kanka na taɓa rufi, ka yi ruku'u ka yi sujjada ka ga ko tebur ko ƙofar firji na tokare ka. Akwai motar da na so sosai na bar ta don ƙafar teburinta a kafe take a ƙasa daidai inda goshi zai sauka. Alƙibla kuma da fakin ake gyara ta, tunda filin dogo ne siriri, sai ka juya hancin motar. Haka banɗaki, mu da muke tsarki da ruwa muke alwala sau biyar, muna buƙatar wanda ƙasansa roba ce mai magudana, ka shiga da buta ka rufe ƙofa ka gwada tsugunawa da ɗaga ƙafa. Kuma ka sani tankin masai na Thetford da ake zarowa ta waje zai cika mana da sauri fiye da yadda littafi ya faɗa, ni kwana biyu zuwa uku nake zubarwa, shi ya sa na sayi na biyu na ajiye.

Na huɗu, motar da ke ƙarƙashi

Sunan da ke jikin ɗakin daban, Swift, Elddis, Auto-Trail, Auto-Sleepers na nan Ingila, Hymer da Bürstner da Dethleffs na Jamus, Adria ta Sulobeniya, Rapido da Pilote na Faransa. Amma a ƙarƙashi mafi yawansu Fiat Ducato ce, ko Peugeot Boxer ko Citroën Relay, waɗanda duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, tsofaffin duk masana'anta ɗaya a Italiya ce ta haɗa su. Wannan alheri ne gareka, kayan gyara ko'ina akwai, kowane makanike ya san su. Ford Transit ma tana da arhar kaya amma tsofaffin tsatsa na cin su sosai, Mercedes Sprinter kuma inji mai ƙarfi, gyara mai tsada, ita ma tsohuwarta bata tsira daga tsatsa ba.

A Ducato mai inji 2.3 akwai taimin bel, ana canza shi wajen kowace shekara biyar ko da motar bata yi tafiya ba, in ya tsinke inji ya tafi. In mai mota ya ce an canza, ka ce ina rasit. Babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba ka cire kuɗin daga farashi. Samfurin da ya fito a 2006, na shekarun farko-farko sun yi suna wajen karkarwa in ana baya da su a hawa, don haka lokacin gwaji ka nemi gangare ka hau shi da ribas a hankali ka ji.

Kar ƙarancin mil ya ruɗe ka. Motar da ta shekara goma sha biyar ta yi mil dubu ashirin kacal, zaune ta wuni ta kwana a kan ciyawa, burki ya kama, robobi sun bushe, tayoyi sun tsage. Gara wadda ake hawa ana mata sabis duk shekara.

Sai maganar hayaƙi, wadda zata iya canza lissafinka gaba ɗaya. Tun 29 ga Agusta 2023 ULEZ, wato yankin da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, ta mamaye duka Landan, motar dizal da bata kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ta motsa a ciki, kuma a irin waɗannan motocin Euro 6 sai daga wajen ƙarshen 2016. Birmingham da Bristol ma suna caji a tsakiyar gari, a Glasgow da Edinburgh kuwa ba caji ba ne tara ce. In aikinka a Landan yake kullum, tsohuwar mota mai araha bata da araha a wajenka. In kuma yawo zaka yi a wajen manyan birane kamar ni, sai ka faka a gefen gari ka hau jirgi. Ka saka lambar motar a shafin gwamnati zai gaya maka inda zata biya.

Na biyar, bincike tun kana zaune

In ka ga wadda ta kwanta maka, ka nemi lambarta. Wanda ya rufe lamba a hoto kuma ya ƙi baka, shikenan an gama. Da lambar zaka ga tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta a shafin gwamnati, shekara bayan shekara, da mil ɗin da aka rubuta kowane zuwa. Ka duba ko mil ya taɓa komawa baya, ka karanta gargaɗin da masu gwaji suka rubuta, in kaga ana maimaita tsatsa a shasi shekara uku a jere sai kuma shekara ta huɗu ta ɓace, ka tambaya wa ya yi waldar. Amma ka sani MOT ba ruwansa da ɗakin, baya duba gas, baya duba yoyo, mota na iya cin MOT bangonta na ruɓe.

Sannan ka biya 'yan fam kaɗan a yi maka binciken HPI ko makamancinsa, zai nuna ko akwai bashin kamfani a kanta, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin hatsari, wato Cat S ko Cat N. Motar da ake bin ta bashi in ka saya rigima ka sayo.

'Yan damfara sun cika wannan kasuwar, musamman a Facebook da eBay. Salon nasu ɗaya ne: mota mai kyau, farashi rabin na kasuwa, mai ita wai ya yi tafiya ko yana asibiti, ka tura kafin alƙalami za a kawo maka har gida. Ba a cinikin biri a sama ɗan uwa, ko fam ɗaya kar ya fita daga asusunka sai ka taɓa motar da hannunka.

Na shida, ranar gani, kuma nan ne aikin yake

Ka je da rana, in son samu ne bayan an kwana ana ruwa. Ka gaya wa mai motar tun jiya kar ya tayar da inji kafin ka zo, amma ya kunna firji a kan gas ya zuba ruwa a tanki. Ka tafi da tocila, da tabarmar da zaka kwanta a kai, da ɗan tsani in zaka samu, da na'urar auna danshi, ana sayar da ita da arha a shagunan kayan gini, kuma wallahi ita ce kayan aiki mafi daraja da zaka riƙe ranar.

Da ka buɗe ƙofa kar ka yi magana, ka shaƙi iska. Warin rima, irin na ɗakin da aka rufe duk damina, in ka ji shi jikinka ya fara sanyi. In kuma ƙamshin turaren feshi ya buge ka ko ka tarar an buɗe duka tagogi an kunna hita, shi ma ka tambayi kanka me ake ɓoyewa. Bangon tsofaffin motocin nan falle-falle ne, gwangwani ko roba a waje, soso a tsakiya, falankin katako siriri a ciki, kuma da yawansu da katako aka yi ƙashin ginin. Duk inda aka huda don taga ko tagar rufi ko ƙofar akwatin waje, danƙo ne ke tare ruwa, shi kuma danƙo yana bushewa da shekaru. Ruwa sai ya shiga a hankali ya bi katakon yana ci, daga waje motar na ƙyalli, kyan ɗan maciji.

Saboda haka ka bi ta kusurwa-kusurwa. Buɗe kowace kabad ta sama ka haska can ciki inda bango ya haɗu da rufi. Danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga, ya kamata ka ji tauri, in ya lotsa ko ka ji kamar biskit ya jiƙe, ruɓa ce. Duba ko takardar bango ta yi ƙuraje ko ta canza launi, ko kan kusoshi ya yi baƙi ko tsatsa. Ɗaga katifa, ɗaga kujeru, shiga ƙarƙashin gado. In mai gado ce a saman direba, hau can ka duba kusurwoyin gaba da kyau don nan iska ke tura ruwa in ana gudu. Taka ƙasa ko'ina ba takalmi, musamman gaban kicin da bakin ƙofa, in yana lotsawa kamar soso faifan ƙasan ya rabu. Sai ka dinga ɗora na'urar a duk waɗannan wuraren. Ƙasa da 15 lafiya lau, 15 zuwa 20 a sa ido, ya haura 20 akwai magana, ya kai 30 kuwa ruwa ya riga ya zauna. Ƙarfe a bayan bango kan sa ta yi ƙarya, don haka in ta hau a wuri ɗaya ka gwada kewayensa.

Ni motar farko da na kusa saya, na yi tafiyar awa uku don ita, mai ita dattijo ne mai fara'a har shayi ya bani, komai tsaf, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Na riga na fara lissafin inda zan ajiye tukwane. Da na zo kusurwar baya ta hagu cikin kabad ɗin kaya na'urar ta haura 40, na danna sai yatsana ya shige. Ban ce ya sani ba, wataƙila shi ma bai taɓa leƙa wurin ba, amma na yi masa godiya na kama hanya. Ka shirya zuciyarka zaka bar uku ko huɗu kafin ka dace, kuma kar kuɗin man da ka ƙona ya sa ka ce bari dai in ɗauka.

Ka tambayi takardun duba ɗaki na shekara-shekara, wanda ake auna danshi da gas da wuta. Mai motar da ke da su a jere mutum ne mai kula. In babu, kuma motar ta kwanta maka, akwai masu wannan aikin da ke zuwa har inda mota take, ka biya ɗaya ya duba kafin ka biya kuɗin mota. Wanda ya ƙi yarda a duba ya baka amsa.

In ɗaki ya tsira sai ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙasa. Tsatsar sama-sama ba komai, wadda ke ɓarewa falle-falle ko sukundireba ke shigewa ita ce matsala, duba ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireto da gefen ƙofofi da bayan tayoyi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu bayan DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Tayar da ta wuce shekara shida ko bakwai ta tashi aiki ko da zanenta na nan raɗau.

Taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa sannan a tayar, kai kana baya kana kallon hayaƙi. Ka tuƙa da kanka in inshora ta bari, aƙalla minti ashirin, har da babban titi.

Daga nan a kunna maka komai ɗaya bayan ɗaya, ba wai a nuna maka maɓalli ba. Hita ta hura har ka ji zafi, ruwan zafi ya fito a famfo, kowane kan murhu ya kama da wuta shuɗiya, firji ya yi sanyi a gas da kuma lantarki, famfon ruwa ya tsaya in an rufe, in yana ta tashi shi kaɗai akwai inda ke zuba. Hitar Truma da firjin Dometic in suka mutu kowannensu kuɗi ne mai nauyi, ba abin da zaka ce sai daga baya ba ne.

Maganar hunturu tunda a ciki zaka yi shi: tambayi ina tankin ruwan sha yake. In a cikin ɗaki yake ƙarƙashin kujera, madalla, in a waje yake rataye ƙarƙashin mota zai daskare. Motocin Jamus sun fi kula da wannan. Gas kuma furofen zaka yi amfani da shi, mai jar tukunya, butan baya tashi in sanyi ya kai wajen sifili. Tukunyar kilo 6 in kana kunna hita da ita kana kuma dafa abinci irin namu mai daɗewa a wuta, ni kwana huɗu take min a tsakiyar sanyi, shi ya sa motar da aka riga aka saka mata hitar dizal ko tukunyar da ake cikawa a gidan mai irin Gaslow ta fi wadda babu daraja sosai a wajenka. Tukunyar Calor, kamfanin gas na nan Ingila, ba a musanya ta in ka tsallaka Turai. Haka in akwai sola a rufi ƙari ne, amma kar ka dogara da ita a Disamba, ranar nan ba ta Kano ba ce.

Wadda wani ya haɗa da hannunsa a gida, wasu sun fi na kamfani kyau, wasu kuma tarko ne, wayoyi a sake, gas ba mafitar iska. In ba takardar shaidar gas da wuta daga ƙwararre, ka ƙyale. Kuma ka kira inshora tukuna, ba kowa ke karɓarsu ba.

Na bakwai, sikeli

Wannan kusan kowa na tsallake shi. A cikin bonet ko gefen ƙofa akwai ɗan faranti mai lambobi huɗu, na farko iyakar nauyin motar, na biyu har da tirela, sai na gatarin gaba da na baya. Ka roƙi mai motar ku je sikelin manyan motoci, kansiloli na da jerin na jama'a, kuɗin kaɗan ne. Abin da sikeli ya nuna ka cire daga lambar farko ta farantin, abin da ya rage shi ne duk rayuwarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 100 kilo 100 kenan, ga dizal, ga tukunyar gas biyu, ga kai kanka, ga kaya da littattafai da keke da kayan abinci. In abin da ya rage bai kai kilo 400 ba zaka sha wuya, kuma masu motar da suka gabata kan ƙara rumfa da batir da sola, duk sun ci daga rabonka. Wuce nauyi tara ce in an tare ka, kuma inshora na iya zamewa ranar hatsari.

Na takwas, takardu da biya

Ka ga motar a adireshin da ke kan V5C, wato takardar rajistar motar, ba a fakin ɗin kanti ba. Lambar shasi da ke takarda ta yi daidai da ta jikin gilashi da ta faranti. V5C ɗin kanta a rubuce take cewa ba shaidar mallaka ba ce, don haka ka nemi rasit ɗin da shi ya saya da katin shaidarsa.

Sayen hannu da hannu ya fi araha amma in ka tafi ka tafi. Wajen dila kuwa dokar kare mai saye ta 2015 ta baka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da aibi ka karɓi kuɗinka. In karon farko ne kuma baka da mai rakiya da ya san mota, ƙarin kuɗin dila ba asara ba ne, amma duk da haka ka je da na'urarka.

Kafin ka biya ka gama da inshora, kuma ka faɗa musu gaskiya cewa a ciki zaka zauna duk shekara. Yawancin inshorar motar gida an yi ta ne don mai gida da ke fita hutu, kamfanonin da ke karɓar mazaunin dindindin kaɗan ne kuma sun fi tsada, in ka ɓoye ranar da wuta ko ɓarawo ya zo ba zasu biya ba. Zaka buƙaci adireshi don DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, da banki, na ɗan uwa ko aboki da ya yarda. In kuma biza kake kai, ka tabbatar zaman mota bai saɓa da abin da mai ɗaukar nauyinka ke buƙata na adireshi ba, kuma takardar zaman Ingila bata shigar da kai Faransa, da fasfo ɗin Najeriya sai ka nemi bizar Shengen.

Ciniki kuma ka yi shi da takarda a hannu, bel kaza, tayoyi kaza, batir kaza, ka cire. Bature baya son dogon ja-in-ja irin na Kantin Kwari amma in ka nuna masa dalili yana saukowa. Ka biya ta banki kana tsaye a wurin, ku rubuta rasit biyu da kwanan wata da mil da sa hannu, ka karɓi koren ɓangaren V5C na sabon mai riƙo, da shi zaka biya haraji a waya nan take, don haraji baya bin mota zuwa sabon mai ita tun 2014. Ka ƙirga makullai, har na akwatunan waje da na tankin ruwa.

Kafin daren farko ka sayi ƙararrawar iskar gas mai kisa wadda bata da wari, da ta hayaƙi, da abin kashe gobara, ka manna tsawo da tsayin motar a gaban sitiyari saboda gadoji da shingen fakin. Kar ka saki ɗakin hayarka tukuna in da hali. Ka kama wuri a wani sansani kusa, ƙananan filayen gona masu ɗaukar mota biyar na Caravan and Motorhome Club sun fi arha, ka yi sati ɗaya a can, dare biyu na ƙarshe ka cire wayar lantarki ka ga ko batir zai kai ka asuba da hita a kunne. Abin da ya gaza a satin nan ka gyara shi da kason da ka ajiye, in wajen dila ka saya kuma kwana 30 ɗinka basu cika ba, ka koma masa da ita tun da sauran lokaci.